Rafin da Ƙasa ta Haɗiye

A wannan darasi za mu bar garinmu, mu tafi ƙasar Ingila. Ba Landan za mu ba. Wani ɗan ƙauye za mu, can arewa, a lardin da a ke kira Yokshaya, ƙasar tumaki da duwatsu da ruwan sama. Mun taɓa yini guda cur muna yawo a can da ƙafa, mu huɗu, a cikin watan Yuni. Abin da muka gani ran nan shi za mu gaya muku. Ku karanta a hankali. In kun iske suna mai wuya, kada ku tsaya kokawa da shi, malaminku zai faɗa muku.

Sunan ƙauyen Kilafam. Sunan dutsen da ke bayansa Ingilbara. Turawa suna rubuta su Clapham da Ingleborough, amma mu za mu rubuta yadda kunne ya ji. Tsawon dutsen ƙafa 2,372 ne in an auna daga bakin teku, watau mita 723. Kada wannan ya ba ku mamaki. Garin Jos ma, inda mutane su ke kwana su tashi, ya fi ƙwanƙolin dutsen nan bisa. Amma Ingila ƙasar sanyi ce, dutsen kuwa ba shi da nisa da teku. A can babu rani babu damina irin namu. Ruwa yana iya zuwa a kowane wata cikin goma sha biyun nan.

Daga ƙauyen zuwa kan dutsen wajen mil 4 ne. Zuwa da komowa mil 8 ke nan. Wanda ya saba cin kasuwar wani gari a ƙasa zai ce wannan ba tafiya ba ce. Mu ma haka muka ce. Duk da haka muka bi shawarar mutanen garin. Kowa ya sa takalma masu ƙarfi, ya ɗauki rigar ruwa da guzuri. Muka sayi taswira, watau takardar da a ke zana ƙasa a kanta, da hanyoyi da rafuffuka da tuddai. Babbanmu yana da kamfas a aljihu. Kamfas wani ɗan abu ne kamar agogo, da allura a cikinsa. Ko ina ka juya shi, bakin allurar arewa ya ke nunawa. Shi dai don neman alƙibla ya ke yawo da shi.

Cikin kurmi

Wani rafi ya raba ƙauyen biyu. Ruwansa garau, kana ganin tsakuwa a ƙasa. An yi masa gadoji na dutse. Muka ce bari mu bi rafin nan mu ga inda ya fito. Da ƙarfe tara na safe muka biya ɗan kuɗin shiga a wata ƙofa, don hanyar ta bi ta cikin ƙasar wani gida ne, gidan Farrer, waɗanda suka daɗe da mallakar wurin.

Muna shiga sai inuwa ta rufe mu. Kurmi ne sosai. Babu kuka, babu ɗorawa, babu tsamiya, itatuwan duk baƙi ne gare mu. Dogaye ne, ganyensu ya haɗu a bisa. Gansakuka ta lulluɓe duwatsu kore shar. A hannun dama ga wani dogon tafki. Ba Allah-tafki ba ne, mutane ne suka datse rafin ya taru. A dā ƙarfin ruwansa ne ke juya injin tsaga katako na ƙauyen.

Can gaba sai muka yi turus. Gora muka gani, tsaye a bakin kwari, a ƙasar da ƙanƙara ke sauka. Ashe wani ɗan gidan ne ya kawo ta, sunansa Reginald Farrer. An haife shi a 1880. Ba shi da wani aiki da ya ke so kamar tara tsire-tsire. Ya tafi har duwatsun ƙasar Sin yana neman iri, yana aikowa gida. A can wajen neman ya rasu, a 1920, cikin duwatsun ƙasar Bama, wadda yanzu a ke kira Miyanma. Ana ba da labari cewa ya taɓa shiga kwalekwale a tafkin nan, ya ɗura iri a bindiga, ya harba a jikin dutse inda hannu ba ya kaiwa, wai don su tsiro a tsaguwar. Manomanmu za su yi dariya. Amma itatuwan da ya dasa suna nan, shekara ɗari da wani abu bayan ransa, mu da ba mu san shi ba mun sha inuwarsu.

Hanyar ba ta da wuya a nan. Rafi yana ƙasa yana ƙara, mu muna bisa. Tsuntsaye suna ta kuka. Ƙaraminmu har ya fara cewa ai an tsorata mu a banza.

Bakin kogo

Bayan mil guda da 'yan kai kurmi ya ƙare. Muka fito fili. A hannun hagu ga wani babban kogo a jikin farin dutse. Kusa da shi kaɗan ga wani ƙaramin baki, ƙasa-ƙasa. Daga nan rafin ya ke fitowa. Ba tsattsafo ba ne irin na marmaro. Rafi ne cikakke, da ƙarfinsa, ya fito daga cikin duhu kamar an buɗe ƙofa.

Muka duba bisa. Babu ruwa. Muka duba taswira. A kan taswira ana zana ruwa da shuɗin layi. Shuɗin layin nan a bakin dutsen ya tsaya. To, daga ina ruwan ya zo? Ku riƙe wannan tambaya, don ita ce ta kai mu har kan dutse.

Babban kogon nan ana shiga da baƙi cikinsa, da fitilun lantarki. A dā ba ya shiguwa da nisa, don wani bangon dutse ya tare ruwa a ciki. A 1837 mai gidan Farrer ya sa aka fasa bangon, ruwan ya zube, aka sami hanya. Akwai wasu fararen duwatsu a ciki masu reto daga rufin kamar hauren giwa. Ɗigon ruwa ne ya gina su sannu sannu. A 2001 an tsinci haƙorin karkanda a ciki, irin mai gashi, wadda ta ƙare a duniya tun zamanin da ƙanƙara ta rufe ƙasar nan. Mu dai ba mu shiga ba, don tafiya tana gabanmu.

Muka ci gaba. Kwarin ya yi ta tsukewa, har muka shiga wani kwazazzabo mai bango biyu dogaye. Duk wanda ya san aikin ruwa, in ya ga wurin nan ya san ruwa ne ya yanka shi. Amma ko ɗigo babu. Masana sun ce ruwan ƙanƙarar da ta narke ne ya haƙa shi, shekaru dubbai da suka wuce. A ƙarshensa sai da muka haɗa da hannu, muna dafa duwatsu, kafin mu fita.

Ramin

Da muka fita sai duniya ta sake. Babu itace ko ɗaya. Fili ne fetal, ciyawa iyakar ganinka, iska tana kaɗawa. Muka bi gefen wata katanga ta duwatsu. Irin katangun nan ba a sa musu laka ko siminti, jera duwatsun kawai a ke yi da gwaninta, su yi shekara ɗari ba su faɗi ba. Muka ƙetare ta. Ga Ingilbara a gabanmu, kansa a baje kamar an yanke da wuƙa.

Ba mu yi nisa ba sai muka ji ƙarar ruwa. Wani rafi ne ya gangaro daga dutsen, yana tafe a kan shimfiɗaɗɗun duwatsu. Ya shiga wani kwari mai kama da ƙwarya. A tsakiyar ƙwaryar akwai rami, baƙi ƙirin. Rafin duka ya zuba a ciki. Shi ke nan, ba ka ƙara ganinsa.

Turawa suna kiran ramin nan Gaping Gill, watau kwazazzabo mai hangamemmen baki. Zurfinsa ƙafa 322, mita 98. Masu haƙar rijiya da gaba su ke lissafi, to, wajen gaba 54 ke nan. Ku tuna rijiyar garinku gaba nawa ce, ku gwada. A duk Ingila babu inda ruwa ke faɗowa a tsaye, ba tare da ya taɓa kome ba, da ya kai wannan tsawo. Ba a kewaye bakin da shinge ba, duwatsun kuwa da santsi. Muka tsaya nesa. Babu wanda ya ce wa wani ya matsa.

Mutane sun daɗe suna son su san abin da ke ƙasa. A 1842 wani mutumin lardin, John Birkbeck, ya sa aka haƙa lambatu aka karkatar da rafin, sa'an nan aka zura shi da igiya. Ya kai wajen gaba 30, ya tsaya a kan wani ɗan dandamali, aka jawo shi. Aka yi shekara 53 babu wanda ya wuce nan. Sai a 1895 wani Bafaranshe, Martel, ya zo da tsanin igiya da kyandir, ya sauka shi kaɗai har ƙasa. Ya iske wani makeken ɗaki a cikin dutse, wanda babban masallaci zai shiga ciki. Yanzu sau biyu a shekara, a watan Mayu da watan Agusta, ƙungiyoyin masu shiga kogo su kan kafa inji a bakin ramin. A zaunar da mutum a kujera, a ɗaure shi, a zura shi kamar guga.

To, ina ruwan ya ke tafiya? Kun riga kun gane. Shi ne wanda muka gani yana fitowa a bakin kogo, wajen mil guda a ƙasa. Amma zato daban, sani daban. Wajen shekarar 1900 masana suka yi ta zuba launi da gishiri a rafuffukan dutsen nan, suna tsaron bakin marmaro a ƙasa, suna rubuta abin da ya fito da inda ya fito. Ta haka aka tabbatar. Mutum kuwa bai iya bin hanyar ba sai a 1983, sa'ad da masu nutso suka ratsa ta cikin ruwa da duhu, suka haɗa ramin da kogon.

Dalilin abin yana ga dutsen. Ƙasan Ingilbara farin dutse ne, irin wanda a ke ƙonawa a yi farar ƙasa da siminti. Irinsa a ke haƙa a Kalambaina kusa da Sakkwato. Ruwan sama yana da ɗan tsami-tsami wanda harshe ba ya ji. Tsamin nan yana cin farin dutse kamar yadda ruwa ke cin kanwa, sai dai a hankali ƙwarai. Ruwa ya sami 'yar tsaguwa ya shiga. Tsaguwa ta zama rami, rami ya zama kogo. Saman dutsen kuwa wani irin dutse ne dabam, wanda ruwa ba ya ci. Don haka rafi ya kan gangaro lafiya daga bisa. Ran da ya taka farin dutse sai ƙasa ta haɗiye shi. Can ƙarƙashin farin dutsen akwai wani dutsen kuma mai tauri, shi ke tare ruwan ya tilasta masa fita.

Akwai wani abu game da Martel da ya kamata ku ji. A 1891, a ƙasarsu, ya sha ruwan wani marmaro mai kyan gani, ya kwanta ciwo mai tsanani. Ashe a cikin ramin da ke bisa da marmaron an jefa mushen maraƙi. A lokacin manoma sun ɗauka rami mai zurfi juji ne da Allah ya ba su, abin da ka jefa ya tafi ke nan. Martel ya yi ta rubutu yana faɗa, har a 1902 aka yi doka a Faransa ta hana jefa mushe a irin ramukan nan. Ƙasarmu ba duka ce ke da farin dutse ba. Amma ko a jigawa ruwa yana tafiya a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa malaman tsabta su ke cewa kada a haƙa salga kusa da rijiya, kada kuma a haƙa ta ta wajen tudu da rijiyar. Ba fitina su ke nema ba.

Fadama a bisa tudu

Muka yi alwala a rafin, can bisa da ramin. Sanyin ruwan har cikin haƙori. Sa'an nan muka kama hawa.

A wurinmu fadama a kwari ta ke, tudu kuwa busasshe. A nan abin ya juye. Ƙasan dutse a bushe, don ramuka sun shanye ruwan. Jikin dutse kuwa, can bisa, dausayi ne. In ka kauce wa hanya ka taka, sai ƙasa ta lotsa, baƙin ruwa ya taso ya rufe takalmi. Ƙaraminmu ya gwada, ya nutse har ƙauri. Wata ciyawa ta cika wurin, da farin kai kamar auduga ta fashe.

Baƙar ƙasar nan ba laka ba ce. Gansakuka ce da ciyawa da suka mutu, sanyi da ruwa suka hana su ruɓewa sarai, suka yi ta taruwa bisa juna. Taruwar ba ta sauri. Kaurin ƙafa guda ya kan ci wajen shekara 300. Gansakukar kuwa soso ce. Busasshiyarta tana iya shan ruwan da ya yi nauyinta wajen sau 20. A yaƙin 1914 zuwa 1918 har ɗaure wa sojoji rauni aka yi da ita, da auduga ta yi wuya.

Wannan dausayi shi ne mafarin rafin. Ruwan sama ya sauka a kansa, gansakuka da ciyawa su rage masa gudu, ya tsiyaye ya taru, ya zama 'yan ƙoramu, ƙoramu su haɗu.

A nan mutanen ƙasar sun taɓa yin kuskure babba. Daga wajen 1950 zuwa wajen 1980 gwamnati ta yi ta ba manoma kuɗi su haƙa lambatu a irin dausayin nan a tuddan Yokshaya, wai ƙasa ta bushe tumaki su sami ciyawa. Ciyawar ba ta ƙaru yadda aka zata ba. Baƙar ƙasa ta bushe ta tsattsage. Ruwa ya sami hanya, ya riƙa kwasarta yana gangarawa da ita a guje. 'Yan raguna suna faɗawa cikin lambatun. Yanzu kuɗi a ke kashewa ana toshe su ɗaya ɗaya. Waɗanda suka ba da shawarar farko masu ilmi ne, ba jahilai ba. Abin da za mu yaba musu shi ne, an auna, an rubuta, na baya suka karanta suka ga inda aka kauce.

Muna cikin hawa muka gamu da wani dattijo da karensa, yana duba tumaki. Tumakin masu baƙar fuska ne da farin hanci, da ƙaho a murɗe, gashi har gwiwa. Muka gaishe shi. Babbanmu ya ce, "Baba, ga fili ba shinge, tumakin nan ba su ɓacewa?"

Ya ce, "Kowace tunkiya ta san wajenta. Inda uwarta ta yi kiwo da ita, nan za ta yi kiwo da 'yarta. Ko an sayar da gona, da tumakin a ke sayarwa, don baƙuwar tunkiya ba ta san dutsen ba."

Sa'an nan ya dubi yamma, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "In kun hau kada ku zauna. Ku lura da inda kuka ɓullo." Muka yi godiya. Rana tana haske, sama garau. Maganar ta shiga ta kunnen dama ta fita ta hagu.

Kan dutse

Hawan ƙarshe shi ne mai wuya. An jera duwatsu kamar matakala. Numfashi ya yi sama, hira ta mutu. Muka kai wani ƙaramin tudu, muka bi doronsa muka nufi arewa, muka ƙara hawa kaɗan. Wajen ƙarfe ɗaya da rabi muka ɓullo a kai.

Kan dutsen fili ne shimfiɗaɗɗe, ya kai girman babbar gona, duk tsakuwa. A gefe-gefensa akwai kufan wata tsohuwar ganuwa, ta fi shekara dubu biyu. An daɗe ana cewa mafakar yaƙi ce. Yanzu waɗansu masana suna ganin wurin taro ne ko na bauta. Akwai kuma wani tarin duwatsu mai labari. A 1830 wani attajiri ya gina hasumiya a nan don matafiya su fake. Ran bikin buɗewa aka sha giya aka yi tatul, 'yan bikin da kansu suka rushe wani sashi nata. Ba a sake gyara ta ba. Mafakar da ke nan yanzu an gina ta a 1953, shekarar da aka naɗa Sarauniya Elizabeth ta Biyu. Bango biyu ne gajeru da suka gicciye juna. Ko ta ina iska ta taso, akwai lungun da za ka ɓuya.

Daga nan ido ya sha kallo. Ga waɗansu manyan duwatsu biyu, abokan wannan. Can arewa ga wata doguwar gadar jirgin ƙasa mai baki 24, wadda aka fara ginawa a 1870. Leburori da yawa sun mutu a wajen aikinta, waɗansu da haɗari, waɗansu da agana, har da matansu da 'ya'yansu. Can yamma kuwa wani abu yana walƙiya kamar azurfa. Teku ce. Rafin ƙauyen nan ya kan shiga wani kogi, wannan ya shiga wani, har su kai can. Muna tsaye a mafarin ruwan muna hangen ƙarshensa.

Babbanmu ya fito da kamfas. Daga Ingila alƙibla tana kudu maso gabas, ba gabas ba kamar a wurinmu. Muka yi azahar. Muka shiga lungu muka buɗe guzuri. Ga abinci, ga gajiya, muka miƙe ƙafa. Abin da dattijo ya hana, shi muka yi.

Ba mu ga zuwansa ba. Ƙaraminmu ne ya ɗaga kai ya ce, "Malam, ina tekun?" Babu teku. Babu gada. Kafin mu ɗaure jaka hazo ya rufe mu. Ba hazon hunturu ba ne mai ƙura. Girgije ne da kansa ya sauka a kan dutsen, fari fat, mai jiƙa tufafi. In mutum ya yi taku goma sai ya zama inuwa. Yayyafi ya biyo baya, da iska mai yanka kunne.

Sai gardama ta tashi. Hanyoyi da yawa ne suka hau dutsen nan, kowace daga garinta. Filin kuwa ko ina iri ɗaya. Ɗayanmu ya nuna wani waje ya rantse ta nan muka zo. Wani ya nuna wani wajen. Mu da ke rubuta wannan ma muna da namu wajen, kuma ba daidai ba ne. Ba ƙaramin abu ba ne, don ta wajen arewa da yamma gefen dutsen a tsaye ya ke. Ko ka tsira daga faɗuwa, in ka sauka ta wani gefen za ka tsinci kanka a wani kwari, mil da yawa daga masaukinka, a jiƙe, cikin sanyi. A ƙauyen Kilafam akwai wata ƙungiya ta 'yan sa kai, wadda aka kafa tun 1935, aikinta ceton waɗanda suka maƙale a kogo ko suka ɓace a dutse. Har tumaki su kan ciro daga rami. Ba mu so a ce an fito neman malamai huɗu.

Babbanmu bai sa baki a gardamar ba. Ya tsuguna a lungu, ya shimfiɗa taswira a gwiwa, ya ɗora kamfas a kai. Ya juya takardar har arewarta ta yi daidai da bakin allura. Ya sa yatsa ya ce, "Ga mafaka, nan mu ke. Ga sunan Kilafam a rubuce, can ƙasa. Ga hanyarmu, ɗigo-ɗigon nan. Ta gefen gabas ta bar filin, sa'an nan ta karya kudu. Ku zo ku karanta da kanku."

Muka duƙa muka karanta. Wanda ya rantse ya ce shi fa jikinsa bai ba shi ba. Babbanmu ya ce, "Malam, jikinka yau ya zo. Takardar nan waɗanda suka auna dutsen ne suka rubuta ta." Wajen da mutumin ya nuna, da muka duba, arewa maso yamma ne.

Muka jeru, kowa yana ganin bayan na gabansa. Babbanmu yana gaba da kamfas a tafin hannu, muna ƙirga taku da ƙarfi. Mun wuce ɗari uku kaɗan sai ga tarin duwatsu na alama a bakin filin. Ga hanya ta gangara ta yi dama. Ba wanda ya yi magana sai hamdala.

Komowa

Da muka sauko daga ƙaramin tudun sai muka fita daga cikin girgijen, kamar an yaye mayafi. Dausayi ya sha ruwa. 'Yan ƙoramun da muka tsallake da safe ba mu kula ba, yanzu duk suna magana. A bakin ramin rafin ya ƙaru, ya yi ja kamar shayi, ƙararsa ta fi ta ɗazu. Ba mu ga dattijo ba, sai tumakinsa, kowace a wajenta.

Muka sauka kwazazzabon da baya-baya, don duwatsun sun jiƙe. Muka wuce bakin kogo, muka shiga kurmi. Iska ta ɗauke. Ganye yana ɗiga, ƙasa tana ƙamshi. Gwiwoyi suna rawa, amma sanyi ya sake mu. Mil 8 ɗin da muka raina sun ci mana sa'a takwas.

Ƙarfe biyar muka iso ƙauyen, rana tana nan da sauranta, don a watan Yuni ba ta faɗuwa a can sai wajen ƙarfe goma saura. Muka tsaya a kan gada muka leƙa. Rafin yana nan garau kamar yadda muka bar shi da safe. Ruwan da ya jiƙa mu a bisa bai iso ba tukuna, yana can cikin dutse yana tafe.

Tambayoyi da aiki

1. Me ya sa rafin ya ke ɓacewa in ya taka farin dutse?

2. Birkbeck ya sauka gaba 30, ramin kuwa gaba 54 ne. Gaba nawa suka rage masa?

3. In kaurin ƙafa guda na baƙar ƙasa ya kan ci shekara 300, shekara nawa ƙafa 4 za su ci?

4. Ku fita waje da malaminku. Ku zana taswirar unguwarku a ƙasa da tsinke. Ku sa gabas da yamma, kudu da arewa. Ku sa rijiya, ku sa salgar da ta fi kusa da ita. Ku auna tsakaninsu da taku, kowa ya rubuta adadin a littafinsa, ya zo da shi ran aji na gaba.